Kafin mu zaɓi mota ko jirgi, sai da muka zaɓi wata

A kulob ɗinmu na labarin ƙasa muna da wata al'ada: duk zangon karatu mukan ɗauki wuri mai nisa, mu tsara tafiya zuwa can a takarda kamar gobe za mu tashi. Bana mun ɗauki Nordkapp, wani dutse da ke kan tsibirin Mageroya a can ƙurewar arewacin Norway. Gardamarmu ta farko a kan abin hawa ce, amma ba a daɗe ba muka ga cewa watan da za a yi tafiyar shi ke yanke hukunci.

Ta mota, daga Oslo babban birnin ƙasar akwai tafiyar kimanin kilomita 2,000, wato kamar a je Legas daga Kano a dawo. Kafin 1999 sai an sa mota cikin jirgin fito kafin a tsallaka zuwa tsibirin. Yanzu an haƙa hanya ta ƙarƙashin teku mai tsawon kusan kilomita 7, wadda ta nutsa mita 212. Da bazararsu hanyar lafiya lau, sai dai direba ya kula da garken barewar mutanen Sami. Da hunturu kuwa, kilomita 13 na ƙarshe ba a binsu yadda aka ga dama. Motoci kan yi jerin gwano a bayan motar share dusar ƙanƙara, in iska ta yi ƙarfi a rufe hanyar baki ɗaya. Duk wanda ya taɓa kwana a bakin gulbi da damina yana jiran ruwa ya janye ya san irin wannan jiran.

Jirgin sama ya fi sauri: Oslo zuwa Tromso bai cika awa biyu ba, daga nan a hau ƙaramin jirgi mai farfela zuwa Honningsvag, garin da ya fi kusa. Amma ƙaramin jirgi shi ma iska kan hana shi sauka.

Mu dai jirgin ruwa ya fi burge mu. Tun 1893 jiragen Hurtigruten ke bin gaɓar tekun ɗauke da mutane da kaya. Daga Bergen zuwa Kirkenes suna tsayawa a tashoshi 34, kuma sai a rana ta shida suke isa Honningsvag. Tekun ba ya daskarewa a wannan gaɓa, saboda ruwa mai ɗumi da ke kwararowa daga kudu.

Sai batun rana, wanda ya fi cin mana lokaci. Daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Yuli ba ta faɗuwa a Nordkapp, daga wajen ƙarshen Nuwamba zuwa Janairu kuma ba ta fitowa. To yaushe za a yi Magariba? In azumi ya faɗo a lokacin fa? Musulmin Tromso, a makonnin da rana ba ta faɗuwa, lokutan Makka suke bi.

A takardarmu mun rubuta watan Satumba, lokacin da dare da rana suka kusan daidaita kuma ƙanƙara ba ta kama hanya ba. Za mu je ta ruwa, mu dawo ta sama, mun kuma bar kwana biyu babu komai a cikinsu saboda iska.