Ranar da agogon gudu ya yi mini ƙarya

A duk makunnan da ke gaban matuƙin ƙaramin jirgi, babu wanda na raina a ƙuruciyata kamar na ɗumama bututun pito. Wanda ya tashi a garin da kwalta ke narkewa a watan Afrilu, ina shi ina tsoron ƙanƙara?

Bututun ɗan ƙarfe ne da bai fi tafin hannu tsawo ba. A Cessna 172 yana ƙarƙashin fiffiken hagu, bakinsa na kallon gaba. Iskar da ke shiga cikinsa ce ke juya allurar agogon gudu. Sunan Henri Pitot ya ci, Bafaranshen da ya ƙirƙiro shi a 1732 don auna gudun ruwan kogi.

A Ingila na kwashi kashina a hannu, lokacin sanyi. Muna hawa muka shige gajimare, sai na ga allura na ta gaba. Na ja hancin jirgi sama don in rage gudu, allura ta ƙara gaba. Malamina bai ce uffan ba, ya tura sitiyari, ya miƙa yatsa ya kunna makunnin da na manta. Jim kaɗan allura ta faɗo, na ga saura ƙiris fukafukai su daina ɗaukarmu.

Ƙanƙara ce ta toshe bakin bututun da 'yar hudar tsiyayar ruwa, iska ta maƙale ciki. Idan haka ta faru, agogon gudu sai ya koma auna tsawo: ka hau ya ƙaru, ka sauko ya ragu. Da sifili ya nuna, da na gane ya lalace. Wannan ƙaryar ce ta kashe matuƙa uku na Boeing 727 kusa da New York a Disamban 1974. Ba su kunna ɗumi ba, suka yi ta jan hanci har jirgin ya faɗo.

Jiragen da ke da fitilar gargaɗi mai ruwan ɗorawa, idan ta kama tana nufin ɗumin a kashe yake ko ya mutu. Na ga samari suna kallonta kamar ado. Wasu kuma da sun kunna sai su saki jiki, alhali bututu kaɗai ake ɗumamawa. Ƙanƙarar da ke taruwa a fiffike babu ruwanta da wannan makunni, maganinta ka fita daga gajimaren.

A gida kuwa zanzaro na fi tsoro. Gininsa ake zargi da toshe bututun jirgin Birgenair da ya faɗa teku a 1996 da mutum 189. Shi ya sa har na ajiye aiki ban taɓa barin jirgi ya kwana ba murfi a bututu ba. Da safe in cire, in leƙa ciki, in kunna ɗumi, in taɓa da bayan yatsa.