Duwatsun Yammacin Amurka: Inda Ake Auna Ƙanƙara, Ake Ƙirga Kifi

A yammacin Amurka akwai jerin duwatsu da ake kira Roki, waɗanda suka miƙe tun daga Kanada har jihar Niyu Meziko, tsawon kimanin kilomita 4,800. Yanki ne mai tsananin sanyi da ƙarancin jama'a. Jihar Wayomin kaɗai ta ninka jihar Neja sau uku a faɗin ƙasa, amma mazaunanta ba su kai 600,000 ba. Gangaren duwatsun kuwa yawanci fako ne da hamada, inda ruwan sama ba ya isar manomi. Abin da ke riƙe da rayuwa a can shi ne dusar ƙanƙara. Tana taruwa a kan duwatsu da hunturu, ta narke a hankali idan zafi ya shigo, ta cika koguna. Duwatsun nan su ne rumbun ruwan yankin, kuma mai rumbu dole ya san yawan abin da ke ciki.

Wannan ne ya haifar da aikin auna ƙanƙara. A farkon ƙarni na 20, wani malamin Jami'ar Nebada mai suna James Church ya ƙera bututun ƙarfe da ake cusawa cikin dusar a zaro, a ɗora a sikeli, a gane yawan ruwan da ke cikinta. Yau akwai tashoshi sama da 800 a kan duwatsun, suna aika awo da kansu ba dare ba rana. Awon ranar 1 ga Afrilu shi kowa ke jira. Da shi manomi ke sanin faɗin gonar da zai shuka, masu madatsun ruwa su tsara abin da za su saki, birane su san ko za a yi tsimin ruwa a shekarar.

Ba da sauƙi suka koyi wannan karatu ba. Kogin Kolorado, mai tsawon kimanin kilomita 2,330, yana shayar da mutum kusan miliyan 40. A 1922 jihohi bakwai suka zauna suka raba ruwansa a takarda, bisa awon 'yan shekaru kaɗan. Wani injiniyan gwamnati, Eugene LaRue, ya yi ta gargaɗin cewa ruwan bai kai yadda ake zato ba, aka yi biris da shi. Sai a 1976 masu nazarin zoben da ke cikin kututturen itatuwa suka nuna cewa shekarun da aka dogara da su na cikin mafi yalwar ruwa a shekara ɗari huɗu. Ashe cinikin biri a sama aka yi. Da fari ya tsananta daga shekarar 2000, sai asiri ya tonu: a 2021 gwamnatin tarayya ta ayyana ƙarancin ruwa a kogin karo na farko, a 2022 kuma tafkin Mead, wanda madatsar Hoover ta tara, ya sauka zuwa kusan kashi 27 cikin ɗari na cikarsa. Har yanzu jihohin na ja-in-ja kan wanda zai rage shan sa.

A ɓangaren namun daji, babbar makaranta ita ce gandun Yellowstone, wanda aka keɓe a 1872, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 9,000. Tun 1959 wasu tagwaye masana, Frank da John Craighead, suka fara bin sawun beyar, har suka riƙa ɗaura mata abin wuya mai na'urar rediyo don sanin inda take kwana da abin da take ci. A 1975, lokacin da doka ta sa ta cikin dabbobin da ke fuskantar barazana, an ƙiyasta saura 136 a yankin. Yau ana maganar kusan dubu ɗaya. Haka ɓaunar Amurka: a 1902 ba su wuce ashirin da 'yan kai ba a gandun, yanzu dubbai ne.

Labarin kerkeci ya fi jan hankali. Ma'aikatan gwamnati da kansu suka ƙarar da shi a gandun zuwa 1926, da sunan kare sauran dabbobi. Da ya ƙare, sai elk, wata babbar dabba dangin barewa, ta yi yawa, ta cinye ƙananan itatuwan bakin rafuka. A 1995 da 1996 aka kamo kerkeci 31 daga Kanada aka sake su a gandun. Garken elk na arewacin gandun ya ragu daga kusan 19,000 zuwa kimanin 4,000 cikin shekara ashirin, itatuwa kuma suka farfaɗo a wasu wurare. Masana ba su haɗu a kan magana ɗaya ba game da rabon kerkeci a wannan sauyi, domin beyar da mafarauta da fari duk sun taka rawa. Abin lura shi ne gardamar tasu a kan alƙaluman da aka tara shekara da shekaru ake yin ta. Makiyayan da ke kewaye da gandun kuwa ba su yi murna ba, domin kerkeci na kashe musu maruƙa da tumaki, abin da ya sa aka fito da tsarin biyan diyya. Rikicin mai dabba da naman daji ba a ƙasarmu kaɗai yake ba.

Kifi ma ya koya musu darasi. A 1994 aka gano wani baƙon kifi mai cin 'yan'uwansa a tafkin Yellowstone. Kifin asali na tafkin yakan hau ƙananan rafuka ya yi ƙwai, inda beyar da shaho mai cin kifi ke samun rabonsu. Baƙon kuwa a can ƙasan ruwa yake zama, ba mai iya kai masa. Da ya cinye kifin asali, sai shahon ya yi ƙaranci a bakin tafkin, beyar kuma ta ƙara matsa wa 'ya'yan elk. Tun daga lokacin ake zuba raga ana kwashe baƙon, an fitar da sama da miliyan huɗu, kuma kifin asali ya fara dawowa. Shigar da kifi ruwa aikin rana ɗaya ne, fitar da shi ya ci shekara talatin bai ƙare ba.

Sai kifin salmon, wanda ake ƙyanƙyashewa a ruwan duwatsu, ya gangara teku ya girma, sannan ya komo mahaifarsa ya yi ƙwai. Mai komawa tafkin Redfish a jihar Aidaho sai ya yi tafiyar kusan kilomita 1,450, ya haye madatsu takwas. A 1992, cikin irin da ke komawa wannan tafki, guda ɗaya tak ya iso. An san haka ne saboda akwai masu zaman ƙirga kifin da ke wucewa. Irin wannan hujja ce, tare da fafutukar ƙabilun asali na yankin, ta kai ga rushe madatsu huɗu a kogin Klamath tsakanin 2023 da 2024. Kafin shekarar 2024 ta ƙare, an ga salmon a rafukan da ya yi sama da shekara ɗari bai shiga ba.

To wa ke biyan kuɗin wannan aiki? Wani babban kaso daga masu cin moriyar dajin yake fitowa. Dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta tanadi cewa harajin bindigogi da harsasai ya tafi ga kula da namun daji, ta Dingell-Johnson ta 1950 kuma ta yi haka da harajin kayan kamun kifi. Jihar da ta karkatar da kuɗin lasisin farauta zuwa wata hidima ta rasa kasonta. Shi ya sa ko gwamnati ta sauya, ƙidayar ba ta cika tsayawa ba.

Mai karatu a unguwar Tunga da ke Minna, wanda ya san yadda farashin 'yan garuwa ke tashi da rani, yana iya cewa ina ruwansa da ƙanƙarar Amurka. Amsar ita ce mu ma ruwan duwatsun yamma muke amfana da shi. Kogin Kwara daga tsaunukan Gini yake tasowa, ya yi tafiyar kusan kilomita 4,180. Masu aiki a madatsar Kainji sun san cika biyu a shekara: farin ruwa na daminarmu, da baƙin ruwa wanda ya sauka a Gini, ya daɗe a fadamun Mali, ya iso mana da hunturu. Ƙasashe tara ne ke cikin hukumar kula da kogin da ke Yamai, kowace da burin noman rani da wutar lantarki. Kuskuren Kolorado bai yi mana nisa ba.

Kayan aiki kuma ba mu rasa ba. Jihar Neja ce ke da madatsun Kainji, Shiroro da Zungeru. A Sabuwar Bussa akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa, wadda ta samo asali daga binciken tafkin Kainji a 1968, da kwalejin tarayya ta kula da namun daji. Ga gandun dajin Kainji mai sassan Borgu da Zugurma, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya a nan Minna mai koyar da ilimin ruwa da kiwon kifi. Ga kuma Sarkawa da sauran masunta, waɗanda suka san lokacin da giwan ruwa da ragon ruwa ke yin ƙwai tun kafin a gina makaranta.

Abin da za mu ɗauka daga mutanen duwatsun Roki shi ne naci wajen awo da ajiye lissafi. A riƙa auna zurfin madatsar Tagwai da ke shayar da Minna, a sanar da jama'a. A riƙa rubuta yawan kifin da ake saukewa a bakin ruwa kowace shekara. A samar wa ma'aikatan gandun daji tsaro su koma ƙidayar dabbobi. Ya kamata gwamnati ta ware wani kaso daga kuɗin da madatsu da lasisin kamun kifi ke kawowa, ta ɗaure shi da doka domin wannan aiki kaɗai, kuma 'yan majalisarmu su sa ido a kai.