Na Iske Abokin Sana'ar Sharon a Suwidin

Uppsala, 28 ga Oktoba

Yaya,

Ni lafiya lau, sai sanyi da duhu, don yanzu ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi. La'asar da Magariba kamar a cokali ɗaya ake ba mu su.

Ka tuna 2016, shekarar da tsutsar sharon ta cinye mana tumatir a Kadawa, muna ɗaga ganye muna hango tsutsar a tsakanin fatarsa biyu? To, na iske abokin sana'arta a nan. Ba danginsu ɗaya ba, amma aikin iri ɗaya ne: shiga cikin ganye a ci daga ciki.

Bishiyar da ta cika dazukan mutanen Suwidin sunanta gran, ita ce suke kafawa a falo lokacin Kirsimeti, ita ce kuma katakonsu da takardarsu. Ganyenta siriri ne kamar allura, ba ya zuba ko ƙanƙara ta rufe shi. Makon jiya malamarmu ta kai mu daji, ta karyo reshe ta miƙo mini. Na ga wasu allurai sun yi ja sun bushe, an ɗaure su wuri guda da zare kamar yanar gizo, ga ɗan kashi burtsi-burtsi a maƙale. Na matsa ɗaya da farce, sai na ji ta fanko, kamar karan da aka rarake. Ƙofar da ɓarawon ya shiga tana can gindi, ƙanƙanuwa, sai da gilashin ƙara girma na gan ta.

Uwar tsutsar 'yar ƙaramar faɗa-wuta ce mai ruwan ƙasa da ratsin fari, in ta buɗe fiffike da kyar take wuce santimita ɗaya. Suna ce mata granbarrvecklare (kada ka wahalar da harshenka), a littafi kuma Epinotia tedella. Wani ɗan ƙasar nan, Carl Clerck, abokin Linnaeus, shi ya fara bayyana ta a 1759. A farkon lokacin zafinsu take saka ƙwai a kan allurar. Tsutsa ta ƙyanƙyashe ta huda ta shige, in ta gama da wannan ta koma ta kusa. Yanzu da sanyi ya kawo jiki tsutsotsin suna saukowa ta zare, su ɓuya cikin busassun allurai a ƙasa har hunturu ya wuce.

Na tambaya wane magani suke fesawa. Malamar ta dube ni da mamaki, ta ce ba sa fesa komai. Tsofaffin allurai tsutsar ta fi ci, bishiyar kan ɗan ja baya da girma, sannan ta farfaɗo. Wanda ke hana su barci wani ƙwaro ne mai shiga ƙarƙashin ɓawo, wanda ya kashe bishiyoyi masu ɗimbin yawa bayan farin 2018.

Yaya, sai da na ji haushi. Mai gran yana jiran shekara 70 kafin ya sare, kakar banza ɗaya ba ta taɓa tukunyarsa. Mu wata uku ne jarinmu gaba ɗaya, ga bashin taki a wuya. Da ta ce a bar tsutsa da maƙiyanta, tsuntsaye da ƙananan zanzaro, shiru na yi, ina tuna ka da tankin feshi a baya tun asuba.

Bana wane iri ka zuba a rani? Ka gaida Inna, ka ce mata yajin nan ya kusa ƙarewa.

Ƙaninka.