Malanville: haske da inuwa a bakin Kwara

Matafiyin da ya taso daga Kwatano ya miƙa arewa, ya wuce Parakou da Kandi, sai ya ci fiye da kilomita 700 kafin kwalta ta sauke shi a Malanville, garin ƙarshe na ƙasar Benin. Dattawa sun san wurin da sunan Tassi, wato yashi da harshen Dendi. Sunan yanzu kuwa an samo shi ne daga Henri Malan, wani gwamnan Faransa a Dahomey zamanin mulkin mallaka. A nan kogin Sota yake zuba cikin Kwara, a nan kuma aka gina gada a 1958 domin haɗa garin da Gaya ta Nijar, aka ƙara ta biyu wajen ƙarshen shekarun 1980. A watan Yulin 2005 kotun duniya ta yanke hukunci cewa iyakar ƙasashen biyu tana bin mafi zurfin hanyar ruwan, tsibirin Lete kuma ya faɗa ɓangaren Nijar.

Zumunci ne ya kai mu, cikin hunturu, muna ɗauke da ƴar ƙaramar kyamarar aljihu, irin waɗanda suka cika kasuwa a shekarun 2000, har yau kuma ba a rasa su a gidaje. Mun tarar da kogi a cike, ko da yake damina ta daɗe da wucewa, domin ruwan da ya sauka a duwatsun Gini yakan yi watanni yana ratsa fadamun Mali kafin ya iso nan. Gidaje da yawa a garin suna da rabin dangi a tsallake. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, hoto ya zama ɗan aiken da ke kai fuskar jika wurin kaka. To, ina amfanin hoton da fuska ba ta fito ba?

Kasuwar garin, wadda ake lissafawa cikin manyan kasuwannin Benin, ita ta fara gwada mu. Da rana tsaka yashi yana ƙyalli har ido ya ƙanƙance, ƙarƙashin rumfunan albasa da shinkafa kuwa inuwa ce mai kauri. Idon ɗan Adam yana ganin duka biyun a tare, kyamara ba ta iyawa. Allon da ke karɓar haske a cikin irin wannan kyamara bai wuce milimita 6 a tsawo da 4 da rabi a faɗi ba, wato wajen kashi ɗaya cikin 30 na allon babbar kyamarar ƙwararru mai milimita 36 da 24. Idan ta kula da hasken waje, mutanen rumfa su zama baƙin gungu. Idan ta kula da rumfa, waje ya wanke fari fat. Haka yake ga dattijo mai farar riga: na'urar takan rage haske saboda farin tufa, sai fuskarsa ta nutse.

Maganin bai buƙatar kuɗi. A shigar da mutum inuwa gaba ɗaya, a juya shi ya fuskanci bakin rumfa, a matso har sararin sama ya fita daga hoton. In ba makawa sai hasken baya ya shigo, a kunna filashi ko da rana ce, domin ya cike inuwar fuska, muddin tazarar ba ta wuce taku uku ko huɗu ba. Akwai kuma maɓallin ƙari da ragi, mai alamar + da −, wanda yawancinmu ba mu taɓa latsawa ba. Ƙarin mataki ɗaya yakan dawo wa mai farar riga da fuskarsa.

Masana sun daɗe suna fama da wannan matsala. A 1997 Paul Debevec da Jitendra Malik na jami'ar Berkeley a Amurka suka bayyana hanyar haɗa hotuna da yawa na wuri ɗaya, wani mai duhu, wani matsakaici, wani mai haske, su zama hoto guda. Ita ce dabarar da aka sani da HDR. Apple ya sa ta a wayar iPhone a 2010. Sharaɗinta shi ne kada abin da ake ɗauka ya motsa, shi ya sa ta fi dacewa da bakin kogi da jerin buhuna fiye da cunkoson ƴan dako.

Da yamma muka gangara bakin ruwa, inda Sarkawa ke ɗaure kwalekwale. Hazo ya tausasa rana, ta zama jan faifai a kan shuɗin ruwa. Wannan ne lokacin da garin ya fi kyau, amma gajere ne: a wannan yanki, daga faɗuwar rana zuwa rufewar duhu bai fi minti ashirin da ƴan kai ba. Kyamara takan bar idonta a buɗe ya daɗe don ta tara haske, kuma ko bugun zuciya yana girgiza hannu. Sai muka ɗora ta a kan kututture, muka sa agogon jinkiri na daƙiƙa 2, muka janye hannu. Ba mu ɗaga lambar ISO sama da 400 ba, don in ta yi yawa hoto yakan cika da ɗigo-ɗigo kamar tsaki. Filashi kuwa muka kashe shi, domin ba ya kai wa kogi, ƙurar da ke gaban ido kawai yake haskawa. Bayan magariba, a teburin mai shayi, fitila ɗaya ta ishe mu, da muka roƙi abokan hira su matso kusa da ita su ɗan natsu.

Sauran magana ta ladabi ce. Malanville garin iyaka ne: kada a nufi gada, ko ofishin duwan, ko jami'an tsaro da kyamara. Mata masu wanki a bakin ruwa ba abin kallo ba ne, kuma duhu bai halatta ɗaukar mutum a ɓoye ba. A yi sallama, a nemi izini, a nuna wa mutum hotonsa. In ya ce a goge, a goge a gabansa. Waɗanda suka yi kyau kuma a wanke su a takarda, a rubuta suna da shekara a baya, domin kati yana lalacewa, waya tana ɓata, amma jikoki za su so sanin kamannin kakanninsu. Allah ya ƙara danƙon zumunci tsakanin gaɓoɓin nan biyu, amin.