Kafaɗar da Ta Saba Gocewa

Bahaushe ya bambanta karaya da targaɗe da gocewar ƙashi, kuma maɗori ya san yadda zai yi da kowannensu. Abin da ɗori ba ya iya warkarwa shi ne kafaɗar da ta saba gocewa, wadda ake mayarwa yau, bayan wata biyu ta sake fita saboda mutum ya miƙa hannu zai sa riga.

Dalilin yana cikin halittar gaɓar. Kan ƙashin damtse dunƙulalle ne, gurbin da yake zaune a jikin allon kafaɗa kuwa ba shi da zurfi, kamar a ɗora ƙwarya a kan faifai. Wani zoben guringuntsi da ya kewaye bakin gurbin, da jijiyoyi da tsokoki, su ne suke riƙe da shi. Idan kafaɗa ta goce, galibi ta gaba take fita, ta yage zoben nan. Ko an mayar da ƙashi, yagewar tana nan.

Na fara kula da wannan al'amari ne saboda ƙanena, wanda kafaɗarsa ta goce a filin kokawa yana ɗan shekara 19. Ta sake fita sau biyar kafin a yi masa hoto. Likita ya shaida mana cewa matashi ya fi dattijo haɗarin maimaituwar gocewa, kuma kowace fita tana ɗan cinye bakin gurbin. Daga nan na shiga karatu.

Tun zamanin Girkawa, Hippocrates yana ƙona hammata da ƙarfe mai zafi don tabon ya ɗaure gaɓar; wanda ya san aikin wanzamai ba zai yi mamaki ba. A 1923 likitan Ingila Blundell Bankart ya bayyana yagewar zoben, ya nuna a ɗinke shi a mazauninsa. Yau ana yin aikin ta ƴan ƙananan huji da kyamara. Amma idan ƙashin gurbin ya riga ya zaizaye, ɗinki kaɗai ba ya riƙewa. A 1954 Michel Latarjet na birnin Liyon a Faransa ya kawo wata dabara: a yanko wani ɗan ƙashi mai kama da bakin tsuntsu daga allon kafaɗa tare da jijiyarsa, a kafe shi da ƙusa a gaban gurbin. Wannan aka yi wa ƙanena, ya rataye hannu makonni, sannan ya yi watanni yana zuwa gashin ƙashi. A ganina wannan kashi na biyu ne mutanenmu suka fi rainawa, alhali ba shi da arha, kuma in babu shi kafaɗar sai ta sandare.

Amosanin gaɓa wani lamari ne daban, ko da yake kafaɗar da ta daɗe tana gocewa tana iya ƙarewa da shi. Guringuntsi ya cinye, ƙashi yana gugar ƙashi, barci ya gagara. A ƙasashenmu akwai ƙarin sanadi: cutar sikila tana toshe jinin da yake ciyar da kan ƙashin damtse har ya mutu, tun mutum yana matashi.

Maganin ƙarshe shi ne sauya gaɓar. Jules Péan ya gwada a Faris a 1893 da farin ƙarfe mai daraja da roba, amma bayan shekara biyu aka cire ta. Charles Neer na Amurka ya gyara hanyar a shekarun 1950. Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta Paul Grammont a 1985: ya juya gaɓar, ya sa dunƙulen a jikin allon kafaɗa, gurbin kuma a kan damtse, domin babbar tsokar da ta lulluɓe kafaɗa ta ɗaga hannu ko da jijiyoyin ciki sun tsinke. Sai dai gaɓar ƙarfe tana da wa'adi, shi ya sa likitoci suke jinkirta ta ga mai sikila ɗan shekara 30, suna fara wa da magani da motsa jiki.