Kwana Bakwai a Kopanhegan

Danmak ƙaramar ƙasa ce a arewacin Jamus. Jihar Kaduna ma ta ɗan fi ta faɗi, mutanenta kuwa wajen miliyan 6 ne. Amma wanda ya tashi a ƙasar Numan ba sai an gaya masa sunanta ba, gama daga can ne likita Niels Brønnum ya taso, ya binne matarsa a hanya, ya iso Numan a 1913. Babban birnin ƙasar shi ne Kopanhegan, watau da harshensu tashar jiragen ruwa ta 'yan kasuwa. Mu huɗu, dukanmu malaman makaranta, muka yi kwana bakwai a can a ƙarshen watan Yuni na 2025. Ba taro muka je ba, ba kwas ba. Kallo muka je yi, ga kuwa abin da muka gano muku.

Daga filin jirgin sama zuwa tsakiyar gari tafiyar minti 15 ce a jirgin ƙarƙashin ƙasa. Jirgin nan ba shi da direba, na'ura ce ke tuƙa shi, dare da rana kuma ba ya hutawa. Yara sukan yi rige-rigen zama a kujerar gaba, su riƙa yi kamar su ne ke jan sa.

Abin da ya fara rikita mu shi ne rana. A watan Yuni takan fito wajen ƙarfe 4 da rabi na asuba, ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare. Sai ka ga mutum ya gaji liƙis, barci na fizgarsa, ga hasken rana tar a taga. A watan Disamba kuwa abin yakan juya, hasken yini bai fi awa 7 ba. Shi ya sa in rana ta fito ba mai zama a ɗaki. Tsofaffi da yara duk suna waje, waɗansu sun baje a kan ciyawa, waɗansu suna iyo a tsakiyar tashar jiragen ruwa, gama an tsabtace ruwan har an buɗe wurin wanka a cikinsa tun 2002.

Sai kekuna. Jama'a, ba mu taɓa ganin kekuna haka ba. Keke yana da hanyarsa dabam, tsakanin ta motoci da ta masu tafiya a ƙasa, a manyan mahaɗai har da fitilarsa ta ba da hannu. Da safe sai ka gan su tululu kamar garken awaki za a kai kiwo, mai kwat da 'yar jakarsa, tsohuwa da gurasarta, uba da 'ya'ya biyu a cikin akwatin da aka haɗa a gaban keken. A wurinmu in mutum ya sami ƙarin girma a wurin aiki aka gan shi a kan keke, sai a ce wani abu ya same shi. A can 'yan majalisa ma suna hawa. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ba tudu, harajin mota kuma da tsada ƙwarai. Baƙo dai ya kula da ƙafarsa. In ka tsaya kallon gine-gine a kan hanyar keke, ƙararrawa za ta tashe ka, mai ita kuwa ba zai yi maka murmushi ba.

Kowane baƙo sai an kai shi ganin 'Yar Ruwa, wani mutum-mutumi na tagulla da ke zaune bisa dutse a bakin teku. An kafa ta a 1913, shekarar da Brønnum ya iso Numan. Daga tatsuniyar Hans Christian Andersen aka ɗauko ta. Muka yi tafiya mai nisa a ƙasa, da muka iso sai muka tarar tsawonta mita 1 da kwata ne kawai, ga mutane sun yi mata rumfa da wayoyi. Sau biyu ɓata-gari suna yanke mata kai, a 1964 da 1998. In lokacinka kaɗan ne, ka sayi hotonta ka wuce.

Abin da ya fi ta daɗin kallo shi ne Nyhavn, wata mashigar ruwa da aka haƙa cikin shekarun 1670, da gidaje jere a bakinta, wannan ja, wannan rawaya, wannan shuɗi. Dā unguwar matuƙan jirgi ce da mashaya. Andersen ya zauna a gidaje uku na unguwar. Daga nan muka shiga kwalekwale mai inji, aka zaga da mu gari ta ruwa har awa guda. Gadojin suna ƙasa ƙasa, sai mai jagora ta riƙa cewa kowa ya zauna, kada ya bar kansa a Danmak.

Fadar sarki, Amalienborg, gidaje huɗu ne iri ɗaya kewaye da fili, ba katanga, ba ƙofar gari. Kowa yana ratsa filin. Da ƙarfe 12 na rana dogarai masu dogayen hulunan gashin dabba sukan canja gadi. Sarauniya Margrethe ta Biyu ta yi shekara 52 a gadon sarauta, ta sauka da kanta ran 14 ga Janairu 2024, ɗanta Frederik na Goma ya hau. Sarki ba ya mulki. Mulki yana hannun majalisa mai wakilai 179, wadda ke zama a fadar Christiansborg, a tsibirin da Bishop Absalon ya gina ganuwarsa a 1167. Kusa da nan muka ga tsohon gidan cinikin 'yan kasuwa an rufe shi da tanti ana gyara. Ya yi wajen shekara 400 a tsaye, gobara ta cinye rabinsa a watan Afrilu 2024.

Sunan nan Christiansborg ya tsaya mana a rai, masu karatunmu na Gana kuma sun san dalili. A Osu, cikin Ankara, akwai wani gidan dutse a bakin teku mai wannan suna, wanda gwamnatin Gana ta zauna a ciki har 2013. Mutanen Danmak ne suka gina shi, a ciki suka riƙa tsare bayi kafin a zuba su a jirgi. Jiragensu sun kwashi 'yan Afirka fiye da 100,000 zuwa hayin teku, yawancinsu domin noman rake. A 1792 sarkinsu ya yi dokar hana cinikin, amma ba ta fara aiki ba sai 1803, a 1850 kuma suka sayar wa Ingila wurarensu na Gana. A bakin ruwa, 'yar tafiya kaɗan daga fadar sarki, har yanzu akwai babban sito na jan bulo inda ake sauke sukari da sauran kayan tsibiran nan. Mai jagorar kwalekwalenmu ta nuna shi, ta faɗi gaskiyar abin ba ɓoye-ɓoye, muka yaba mata. Amma ɗaya daga cikinmu, wanda ke koyar da tarihi, bai ƙara magana ba har muka sauka. Ƙasa ɗaya ce ta aiko da jirgin bayi, ita ce kuma daga baya ta aiko da likita. Su ne kuma a watan Oktoba 1943, sa'ad da sojojin Jamus ke riƙe da ƙasar, suka haye da Yahudawa fiye da 7,000 zuwa Suwidin da dare a cikin jiragen masunta.

Birnin ba shi da duwatsu, saboda haka mai son ganin gari daga sama sai ya hau hasumiya. Muka hau biyu. Ta fari ita ce Zagayayyar Hasumiya da Sarki Christian na Huɗu ya gama a 1642 domin masu nazarin taurari. Maimakon matakala, hanya ce shimfiɗaɗɗiya mai murɗewa kamar dodon koɗi, zagaye bakwai da rabi. A 1716 Sarkin Rasha, Bitrus Babba, ya hau ta a kan doki. Ta biyu kuwa ba ta wasa ba ce. Ita ce hasumiyar Majami'ar Mai Cetonmu, mai matakai 400, 150 na ƙarshe kuma a waje suke, suna nannaɗe da tsinin hasumiyar, suna ƙara ƙanƙancewa har ƙafa ɗaya ba ta samun wurin zama. Iska tana bugunka, ƙarfen da ka riƙe yana da sanyi, motoci a ƙasa kamar tururuwa. Biyu daga cikinmu suka ce sun ga abin da ya ishe su daga ciki. Daga can sama ana hango gadar da ta haɗa Danmak da Suwidin tun shekara ta 2000, da fankokin lantarki tsaye a cikin teku, da wata masana'anta inda ake ƙona sharar gari a sami lantarki da ruwan zafi na ɗumama gidaje. A kan rufinta har an yi gangaren wasan sulɓi.

Babbar majami'ar birnin, wadda suke kira ta Uwargijiyarmu, sojojin ruwan Ingila sun rushe ta da igwa a 1807, aka sāke gina ta, aka keɓe ta a 1829. Cikinta fari fat, ba ado da yawa. A gefe da gefe manzanni 12 ne na farin dutse, aikin masassaƙi Bertel Thorvaldsen, an sa Bulus a gurbin Yahuza. A gaba kuwa siffar Almasihu ce, hannuwa a buɗe suna kallon ƙasa, an rubuta kiran nan na Matiyu 11:28 a ƙarƙashi. Ko masu yawon kallo da suka shigo da surutu, da sun iso tsakiya sai ka ji sun rage murya.

Ran Lahadi muka nemi wata majami'ar unguwa domin sujadar ƙarfe 10. Ginin zai ɗauki mutum ɗari da yawa. Muka ƙirga, har da mu ba mu kai 40 ba, yawanci kuma masu furfura ne. Fasto mace ce, da baƙar riga har ƙasa da farar wuya mai tattara irin ta mutanen dā. Tun 1948 suke naɗa mata, yanzu ma sun fi maza yawa a aikin. A zaune suke raira waƙa, in za a karanta Littafi sai su miƙe. An rataye ɗan jirgin ruwa na katako daga rufi, al'adar mutanen teku. Waƙoƙin, da yawa na Grundtvig ne, wanda ya rasu a 1872, suna da daɗi, amma ba ganga, ba tafi, ba zumuntar mata da za ta tashi da kayan kiɗanta. Cikin awa guda an tashi.

Wajen kashi 70 cikin 100 na mutanen ƙasar suna cikin rajistar ikilisiyar Lutheran, suna biyan harajinta, suna kawo jarirai baftisma, ana binne su da addu'a. Masu zuwa kowace Lahadi kuwa 'yan kaɗan ne. A Kopanhegan har an rufe waɗansu majami'u. Ɗaya ta zama gidan nuna zane-zane, wata mai sunan Absalon ta zama zauren unguwa inda baƙo da ɗan gari ke cin abincin dare a dogon tebur ɗaya. Mun ci a can, abincin da daɗi da araha, amma zuciya ba ta sake ba. Muka yi ta gardama a hanyar komawa masauki. Ɗaya ya ce ƙoshi ne ya kawo haka. Wani ya ce a yi hankali da yanke hukunci, gama a garin nan mun ga uwa ta bar jaririnta yana barci a keken turawa a ƙofar shago ta shiga shan shayi, ba ta tsoron kome. Ya ce mu da majami'unmu ke cika har waje, wa zai gwada haka a kasuwarmu? Ba mu daidaita ba.

Bayan sujadar nan aka ba da kofi. Wata tsohuwa da ta ji daga inda muka fito ta kama hannunmu da hannu biyu. Ta ce tana yarinya a ƙauyensu mahaifiyarta takan saƙa safa a sayar, a aika da kuɗin Numan. Ita ba ta taɓa zuwa Afirka ba, amma ta iya faɗin Bachama daidai. Ta tambaye mu ko majami'ar tana nan. Muka ce tana nan, ta haihu, ta yi jikoki, ran Lahadi kuma wanda ya makara sai ya tsaya a taga. Ta sa muka maimaita wa fasto.

Wanda ke shirin zuwa ya ɗaure ɗamara, gama gari ne mai tsada. Kuɗinsu kurona ne, ba yuro ba, kusan kome kuma da kati ake biya. Harajin kashi 25 cikin 100 yana cikin farashin kaya. Kofi ɗaya a shago yakan kai kurona 40 ko 50, kada ka juya shi zuwa naira, sai ya ƙi haɗiyuwa. Mu dai kanti muka riƙa shiga, mu sayi baƙar gurasarsu mai tsami da nauyi, da kifi da cuku. Ruwan famfo ana sha. Kwalba ko gwangwani in ka gama kada ka yar, akwai na'ura a kanti da ke mayar maka da kurona 1 zuwa 3. Naman alade yana cikin abinci da yawa, wanda ba ya ci sai ya tambaya, kusan kowa yana jin Turanci. Yaji kuwa ka taho da naka. Ka riƙe rigar sanyi da ta ruwa ko a watan Yuni.

Ana jibi za mu tashi gari ya cika da ƙahon mota da ihu. Ashe 'yan sakandare ne suka gama jarrabawar ƙarshe. Kowane aji yakan yi hayar buɗaɗɗiyar babbar mota, a yi mata ado da ganye da tutoci, ɗalibai sanye da fararen huluna, su bi gidajen iyayensu ɗaya ɗaya, a kowane gida a ba su ci da sha. Shan giyar ya yi yawa, ba mu so shi ga yara ba. A makarantunsu kuma ɗalibi da sunan yanka yake kiran malaminsa, ba Malam ba, ba Ranka ya daɗe ba, abin da kunnenmu ya kasa sabawa da shi. Amma karatu kyauta ne har jami'a, ɗalibin jami'a ma gwamnati tana ba shi kuɗin ciyar da kai kowane wata. Muka tsaya a bakin titi muna lissafin 'yan ajinmu da suka bar makaranta bara saboda kuɗin zango. Mota ta wuce, yaran suka ɗaga mana hannu, mu ma muka ɗaga musu.