Ranar da Na Share Babi Biyu da Hannuna

Kwamfutata ta hannu ce, yayana ya saya mini tun ina aji ɗaya. Da ita nake buga aikin gida, da ita kuma na fara rubuta kundin digirina a kan karin maganar mata. A ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi wa Windows 10, ita kuwa tsohuwar tawa ba ta cika sharuɗɗan ɗaukar Windows 11 ba. Kuɗin sabuwa babu. Nan ne wani abokina ɗan sashen kimiyyar kwamfuta ya ce mini, "Malam Bahaushe, ka koma Linux mana, kyauta ce."

Jin kalmar kyauta ya sa na miƙe zaune. Abin da bai gaya mini ba shi ne Linux ba guda ɗaya ba ce. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, shi ya fara rubuta ƙashin bayanta a 1991, ya bar ta a buɗe ga duk mai son dubawa ko gyarawa. Daga nan jama'a suka yi ta gina nasu nau'in a kanta. Akwai Debian da ta fito a 1993, da Fedora a 2003, da Ubuntu wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya assasa a 2004, sai Linux Mint da aka gina a kan Ubuntu a 2006. Duk wanda na tambaya sai ya yabi tasa ya kushe ta wani, kamar masu gardamar ƙwallo.

Abokina Fedora yake amfani da ita, don haka ita na ɗauko. Dare ɗaya na zauna ni kaɗai, ban jira shi ba, na fara sakawa. Da aka zo wurin tambayar inda za a ajiye ta, na zaɓi a share rumbun kwamfutar gaba ɗaya, ina zaton tsohuwar manhajar kaɗai za ta tafi. Sauri ya haifi nawa. Babi na ɗaya da na biyu suka bi ruwa, tare da muryoyin tsofaffi mata uku da na naɗa a unguwar Hausawa lokacin hutu. Babin na sake rubutawa daga takardun hannu. Muryoyin kuwa, biyu na samu a wayata, ta ukun ba ta dawo ba. Ba laifin manhaja ba ne, sau biyu ta gargaɗe ni, ni ne ban karanta ba.

Bayan na huce sai na gane tun farko tambayata ce ba daidai ba. Ina ta neman wadda ta fi kowace, alhali abin da ya kamata in tambaya shi ne wadda za ta yi mini aikina. Aikina kuwa sananne ne: rubutun Hausa mai ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, sauraron murya, da miƙa wa malamina takardar da za ta buɗu a kwamfutarsa.

A nan na koyi abin da ya kamata in fara da shi. Ana iya zuba kowace daga cikinsu a filashi, a tayar da kwamfuta da ita, a gwada ba tare da an taɓa komai a rumbu ba. Haka na yi wa guda uku. A kowace na kunna intanet, na saurari murya, na zaɓi tsarin madannai na Hausar Nijeriya, na buga "ƙaiƙayi koma kan masheƙiya" in ga ko ƙugiyoyin za su fito. Duk sun fito, sai dai bambanci ya bayyana a wani wajen. Fedora tana sabuntawa kusan duk wata 6, kuma kowane fitowa wata 13 ne ake kula da shi, ni kuwa ba ni da datar yawan saukewa. Ubuntu mai dogon zango shekara 5 ake kula da ita, amma ta ɗan yi wa kwamfutata nauyi. Linux Mint mai fuskar Xfce ta zo da sauƙi, ga jerin manhajoji a ƙasa ta hagu kamar yadda na saba, ga LibreOffice a ciki. A kanta na tsaya.

Ba na ce babu cikas ba. Wani lokaci shafukan takarda kan ɗan goce idan an buɗe ta a Word, shi ya sa nake haɗa wa malamina da PDF.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, in za ku bi wannan hanya, ku fara kwafe aikinku a wuri biyu. Ku gwada a filashi, domin gani ya kori ji. Ku kuma zauna kusa da wanda ya taɓa yi, ku jira shi ko da zai makara. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, amin.